Mutumin da ke Cikin Buta

Ranar da za a yi walimar sabon gidan Alhaji Iliyasu mai wake, Matameye ta wayi gari da labarin an yi ɓarna a falonsa. Ko allura ba a ɗauka ba. Wani ne ya sa reza ya yanke wuri ɗaya, kamar faɗin tafin hannu, a tsakiyar babban zanen da Alhaji ya sa aka yi masa don baƙi su gani su riƙe baki. Kafin hantsi har an sami mai laifi, don samun mai laifi ba ya wuya idan talaka na kusa. An kamo Cha'ibu mai fenti, wanda ya yi zanen da hannunsa, an ɗaure shi a gindin dalbejiyar ƙofar gida. 'Yan banga sun ce da azahar, in kasuwa ta cika, za su rataya masa katakon zanen a wuya su zaga da shi, sannan su miƙa shi ga jandarma. Wanda aka yi wa haka a Matameye ya gama zama cikinta, shi da 'ya'yansa.

Mai unguwa ne ya ce a dakata tukuna, sai Shekara ya duba ƙasa.

Shekara mai bin sawu ya yi suna tun daga Kance har Yauri. Ya sha bin shanun sata har ya ƙetare iyaka ya dawo da su. Amma mutum ne mai raina jama'a, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoyewa ba. Cewa yake fuska maƙaryaciya ce, ƙafa ce kawai ba ta iya ƙarya ba, saboda haka ko gaisawa kuke, ƙafarka yake kallo. Ya iso yana taɓe baki, ya dubi taron da ya tattake ƙofar gidan, ya ce, "Madalla. An kira ni in karanta allo bayan awaki sun lashe shi."

Ɗanladi ne ya tarbe shi. Shi ne na hannun daman Alhaji, irin mutanen nan da ke fara dariya tun maigida bai ƙare magana ba.

"Baba Shekara, ai mun sauƙaƙa maka aiki," in ji shi. "Ni na fara ganin ɓarnar tun da asuba, nan take na hana kowa taɓa komai a gidan nan. Ga sawun ɓarawon ma mun kife maka."

Ya ɗaga wata tasa da aka kife a bakin ƙofar falo, kamar yadda aka saba yi wa sawun ɓarawo don kada a tattake. Shekara ya tsuguna. Takalmin roba ne, dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, ga ɗigon koren fenti kusa da shi. Na Cha'ibu ne, babu ko tantama.

"Kuma jiya da kunnena na ji," Ɗanladi ya ƙara. "Maigida ya ce masa ya goge wata dauɗa a jikin zanen, shi kuwa marar kunyar ya ce gara ya yage shi da ya goge. To ga shi ya yage."

Shekara ya ƙura wa sawun ido. Biri ya yi kama da mutum, kuma shi ma ba ya ganin masu fenti da gashin arziki. Namiji da ƙarfinsa ya zauna yana shafe-shafe da tsinken fenti, ana noma a gari! Sai dai akwai abin da ya tsaya masa. Sawun fita ne, ba na shiga ba, kuma tururuwa ta yi hanya a kansa ta kai ta kawo. Wannan sawun ya kwana.

*

Ya tuɓe takalmi ya shiga falon. Zanen na jingine a kan wasu ƙafafun katako, ya kusa tsawon ƙofa. Gabansa ga teburin da aka kwaikwaya, kayan na nan yadda aka jera su.

Shekara ya dubi zanen sama da ƙasa. Dukiya ce aka baje: faranti cike da dabinon Makka, goro fari da ja, agogon zinariya, kwalbar turare, makullin mota, lemo an fara ɓarewa ɓawon ya zubo ta bakin tebur. Ya ji haushin yadda abin ya yi kyau, don sai da yawu ya taru masa a baki. Da ya matsa kusa sai ya ga wasu abubuwan da ba lallai ne mai dukiyar ya nema ba. Ƙuda ya sauka kan dabino ɗaya. Goro ɗaya sankara ta ci shi. Fitilar da ke gefe an hure ta, hayaƙi siriri ne kawai ke tashi. A tsakiya kuwa, inda butar shayi ta azurfa take, murfinta na nan, hancinta na nan, cikinta ne aka yanke.

Wanda ya yi fushi da aikinsa yakan keta shi daga sama har ƙasa. Wannan yankan an bi shi a hankali, an kewaye abu ɗaya an cire, hannun kuma yana rawa.

"Wa kuma ke da ƙullin zanen nan?" ya tambaya.

Ɗanladi ya sosa ƙeya. "To, akwai Malam Yasin. Ka san shi da wa'azi kan hotuna."

*

Ya sami Malam Yasin a kan buzunsa, ƙofar gida, ya kara littafi dab da hanci.

"Allah gafarta Malam, an ce kai ne ba ka son zanen Alhaji."

"Wa ya ce? Ai ni na ba da shawarar a yi shi," in ji Malam. "Da fari hoton kansa ya so a yi masa, cikin babbar riga, ya cika bango. Na ce masa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da surar mai rai. In dole sai ya nuna arziki, a zana masa kayan arzikin, a bar mutum. Da aka gama har kirana aka yi na duba. Babu mai rai a ciki."

"Har ƙudan?"

"Wane ƙuda?"

Shekara ya dubi idanun Malam da suka yi fari-fari, ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura, ya yi masa sallama. Wanda bai ga ƙuda a kan dabino ba, ba shi zai kewaye cikin buta da reza ba. Yana tafe yana tsaki, wai wannan ne aka ba amanar duba zane.

*

Rana ta fara zafi lokacin da ya dawo gindin dalbejiya. Cha'ibu na zaune a ƙasa, igiya ta ci masa wuyan hannu, leɓensa ya fashe. Mutum ne siriri, ya yi shekaru yana cin rani a Kano yana zana jikin manyan motoci. Can nesa matarsa na tsaye da goyo, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Kai ka ce gara ka yage?"

"Na faɗa, Baba. Zuciya ce. Amma wa zai yanka ɗan da ya haifa?"

"Bar mini waƙa. Me ya sa ka sa wa mutum ƙuda da ruɓaɓɓen goro a cikin dukiyarsa? Iskanci ne?"

Duk da halin da yake ciki, sai da idon Cha'ibu ya yi haske. "Ba ni na fara ba, Baba. Wasu masu zane ne a ƙasar Holand, tun zamanin da. A wayar salula na ga aikinsu, na yi ta kallo har na rasa barci. Su ma attajirai ne ke sa su zana musu teburinsu. Sai su zana komai tsaf, gwanin sha'awa, amma su soka wani abu a ciki, kyandir da ya mutu, ko ɗan itacen da ya fara lalacewa, ko agogo. Ma'ana, ci ka sha, amma ka tuna akwai ranar tashi."

"Wato wa'azi suke yi wa wanda ya ɗauke su aiki. Su kuma su waye?"

"Ai shi ya sa ba sa tsame kansu. In akwai abu mai ƙyalli a kan teburin, buta ko kofi, sai mai zanen ya zana abin da ƙyallin ya nuna masa. In ka duba da kyau sai ka gan shi a ciki, ɗan mitsitsi, yana riƙe da tsinken fentinsa. Kamar ya ce, ni da nake faɗa muku, ni ma ina cikin kayan da za su ƙare."

"To kai ma ka sa kanka a butar Alhaji."

"Na sa. Bai fi ƙwayar wake ba."

"Kai kaɗai?"

Cha'ibu ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake. Kai kaɗai ne a cikin butar?"

"Abin da buta ta nuna mini shi na zana, Baba. Na ɗauka ba mai lura. Kuskurena ke nan."

"Me ta nuna maka?"

"Na ci abincin gidan nan. Ba a bakina za a ji ba."

Shekara ya dube shi da takaici. "Da azahar za su rataya maka katako su zaga kasuwa da kai, ga matarka can tana kallo, kai kana nan kana rufa wa wani asiri. Na ga wawaye a rayuwata, amma kai naka har da ado."

Cha'ibu bai ɗago ba.

*

Shekara ya koma falon shi kaɗai. A kan daɓen akwai wurin da fenti ya ɗiɗɗiga ya kewaye, nan ne mai zanen ke tsayawa. Ya tsaya daidai nan, ya dubi butar gaske da ke kan tebur. Ga shi kuwa a ciki, hanci ya yi faɗi, baki a taɓe, abin ba kyan gani. Ya kawar da ido daga kansa da sauri. Sai ya ga abin da ke bayansa: ƙaramar ƙofa mai labule, wadda ke fita cikin gida. Duk wanda ya tsaya a bakinta yana leƙen mai zane ta baya, buta za ta kawo shi gabansa.

Yanzu ma akwai mutum a ciki. Wata tsohuwa ce riƙe da tsintsiya.

Ya juya. Hawa ce mai sharar gidan, sa'arsa ce, tare suka yi ƙuruciya a unguwa ɗaya.

"Shekara, don Allah ka gama ka ce a saki gida," in ji ta. "Yau ban share lungun nan ba, Ɗanladi ya hana. In maigida ya sani, na shiga uku."

"Lungu ɗaya ne zai sa ki shiga uku?"

"Ai shi ne lungun. Tun da ya dawo daga tafiyar nan tasa ta Kano ya kafa mini doka. Daga turakarsa zuwa ƙofar nan, in share da sassafe kafin kowa ya fito, in kuma sake sharewa duk lokacin da ya aiko. Sauran gidan ko ya cika da bola bai dame shi ba."

Shekara ya ɗaga labulen. Gidan sabo ne, ba a kai ga sa wa lungun suminti ba, rairayi ne mai laushi. A kansa ga rubutu ƙarara, wanda ba a kife da tasa ba don ba wanda ya san ya kamata. Ƙafar dama tana sauka da nauyi. Ta hagu ba ta ɗaguwa, jan ta ake, tana yin baka a ƙasa kamar lauje. Gefen dama kuma ga ƙananan ramuka a jere, na bakin sanda. Sawun ya fito daga turaka ya shigo falo, ya koma. A hanyar komawa, inda mai shi ya tsaya ya huta, ga ɗan zaren ƙyallen zanen, mai fentin azurfa.

Ba wanda ya taɓa ganin Alhaji Iliyasu da sanda. Amma da Shekara ya tuna, ba wanda ya gan shi a tsaye ma tun dawowarsa. Mota ke shiga da shi har cikin gida, a zaune yake karɓar gaisuwa, hannun hagu cikin riga. Mutane sun ɗauka girman kai ne, da yake kuwa ba sabon abu ba ne gare shi, ba wanda ya yi mamaki. Shi ne fa mutumin da, lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama abokin hamayyarsa a kasuwar wake, ya laƙaba masa suna Rabin Mutum, ya yi ta kwaikwayon tafiyarsa ana dariya har bawan Allahn ya rasu.

Shekara ya tofar da yawu. Ashe Alhaji ne na biyu a cikin butar, dogare da sanda. Ciwo na Allah ne, ba ya raina mai ciwo. Wanda zai bar wani ya sha duka a ƙofar gidansa don kada a ga sandarsa, shi ya raina.

*

Ana gab da kiran azahar ya sa aka tara mutane a farfajiyar gidan. Baƙin walima sun riga sun cika rumfa. Alhaji Iliyasu na hakimce a kujera mai laushi, babbar riga ta sha aiki ta rufe shi har ƙasa. Aka kawo Cha'ibu da igiyarsa, aka ɗauko Malam Yasin, mai unguwa ya zauna gefe.

"Shekara, ka ɓata mana lokaci," in ji Alhaji. "Abinci na hucewa. Sawun nasa ne ko ba nasa ba?"

"Wanda aka kife nasa ne, Alhaji, amma na jiya ne. Na sami wani, na yau. Ba zan faɗi inda na gan shi ba tukuna. Yadda muka gada za mu yi."

Ya sa Hawa ta share wani fili a gaban rumfa, daga ƙafar kujerar Alhaji zuwa randar ruwa, ta lallashe rairayin sumul. Ya bi gefensa ya duba, sannan ya ce duk wanda ke da hanyar shiga falon ya taka ya wuce.

Malam Yasin ya taka yana salati. Shekara ya girgiza kai. Ɗanladi ya taka yana yaƙe, yana waiwayen maigida. Ya girgiza kai. Aka ja Cha'ibu ya taka.

"Ba shi ba ne."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Shekara ya bari sai da aka yi shiru.

"Saura mutum ɗaya. Maigida ma yana da hanyar shiga falonsa."

"Kai, Baba Shekara!" Ɗanladi ya zabura. "Ka san da wa kake magana?"

"Da mai ƙafa biyu, kamar kowa. Alhaji, daga nan zuwa randa ne. Ko yaro mai tatata zai kai."

Fuskar Alhaji ta canza. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya dubi filin, ya dubi randar, ya dubi jama'ar da suka zuba masa ido, waɗanda rabinsu sun taya shi dariyar Rabin Mutum. Gumi ya tsattsafo masa ƙarƙashin hula.

"Yau ranar farin ciki ce," ya ce da murya mai kauri. "A kwance shi. Na yafe masa."

"Allah ya ƙara wa maigida haƙuri!" in ji Ɗanladi.

"A'a," in ji Shekara. "Mai laifi ake yafe wa. In ka yafe masa, gobe a kasuwa sunansa wanda Alhaji ya yafe wa, ba mai sake ba shi ko ƙofar shago ya shafa. Ko dai ka faɗi wanda ya yanka, ko ka taka, ko kuwa in ɗauki mai unguwa in kai shi wani lungu da ba a share ba yau."

Cha'ibu ya ɗago ya ce a hankali, "Baba, ya isa haka."

"Rufe mini baki. Ba don kai nake yi ba, ƙasa ce ba na so a yi wa ƙarya."

Alhaji Iliyasu ya buɗe baki ya rufe. Da maganar ta fito, ba ta fi ta marar lafiya ƙarfi ba.

"Ni na yanka. Kayana ne. Butar ce ba ta yi mini ba."

"Wallahi ni ma tun farko na ga butar nan ba ta yi ba," in ji Ɗanladi.

Ba wanda ya yi dariya. Mai unguwa ya tashi da kansa ya kwance igiyar, ya ce kowa ya shaida Cha'ibu ba shi da laifi. 'Yan banga suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya tambayi Alhaji dalili, amma dattawan da ke rumfar sun daɗe suna kallon hannun nan da ke cikin riga, sannan suka mai da ido ƙasa. Matar Cha'ibu ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka.

*

Da aka watse zuwa masallaci, Cha'ibu ya zo yana murza wuyan hannu ya tsuguna gaban Shekara.

"Na gode, Baba."

"Riƙe godiyarka. Gobe ka sake zana mutum a cikin buta, ka ga wanda zai zo ya kwance ka. Ku duka ɗaya ne. Shi yana share sawunsa, kai kana leƙen asirin mutane a jikin kwano."

"Ai ni ma ina cikin butar, Baba. Har na fi shi muni a ciki."

Shekara ya yi tsaki ya juya zai tafi. Sabo ya sa ya sake duban filin da aka share. Ga na Malam, ga na Ɗanladi mai rawar ƙafa, ga na mai fenti. Sai ya ga na huɗu a gefe, wanda bai lura da shi ba ɗazu. Sawun tsoho ne. Takun gajere, yatsun sun baje suna neman ƙasa, dunduniyar dama ta fara shafar rairayi kafin ta ɗagu. Ya karanta shi nan take yadda ya saba: wannan, damina mai zuwa ko ta bayanta, sai da sanda.

"Wane tsoho ne kuma ya ɓata mini fili?" ya ce, yana taɓe baki.

Ya bi sawun da ido. Ya bi gefen filin, ya kewaye randa, ya dawo, ya ƙare a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Ya daɗe a tsaye. Ya bi sawun ɓarayi, da na shanu, da na matan da suka yi yaji, da na yaran da suka ɓata, amma wannan bai taɓa waiwayawa ya duba shi ba. Abin ya soke shi har cikin rai, kuma ba wanda zai taɓe wa baki.

Hawa ta matso da tsintsiyarta. Ta dubi ƙasa, ta dube shi.

"In share?"



"Bar shi," ya ce. Ya sa kai ya fita a hankali, dunduniyarsa na shafar ƙasa.